Yaro Ɗaya, Rijista Shida, Babu Wadda Ta San 'Yar'uwarta



Duk wanda ya nemi bashin karatu na NELFUND a cikinmu ya san yadda abin yake. Ka shigar da lambar NIN, ka shigar da BVN, ka kawo lambar JAMB, makaranta kuma ta tura sunanka. Harafi ɗaya ya saɓa, kwamfuta ta ce ba ta san ka ba. Idan kuwa komai ya dace, ofisoshi huɗu da ba su haɗa gini ba sun yarda kai ne kai. Haka aka yi mana da layukan waya tun daga Disambar 2020, aka ce ko ka haɗa layinka da NIN ko a rufe shi. Ashe dai gwamnati ta iya haɗa bayanai idan ta ga dama.

To tambayata ita ce: in ana iya yin haka saboda kuɗi da layin waya, me ya hana a yi saboda ran yaro a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo? Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da Jihar Sakkwato za ta fara haɗa rijistocin da ke hannunta domin binciken lafiyar jama'a, bisa sharuɗɗa masu tsauri. Kuma aikin nan, ko mun so ko mun ƙi, a hannunmu zai faɗo, mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha.

Rubutun yana nan, a warwatse yake

Mu ɗauki yarinya guda da aka haifa a wani ƙauye na Goronyo. Mahaifiyarta ta je awon ciki, an rubuta ta a rijistar awo. In a asibiti ta haihu, akwai rijistar haihuwa. Ranar rigakafi an ba yarinyar kati, an sa ta a rijistar rigakafi. Tamowa ta kama ta tana wata goma, an buɗe mata wani katin a cibiyar da ake raba madarar gyaɗar nan ta leda. Ta shekara shida, malam ya sa ta a rijistar aji. Mahaifinta kuma wataƙila yana cikin Rijistar Masu Ƙaramin Ƙarfi ta Ƙasa, wadda ake dubawa wajen rabon tallafi. Rijista shida ke nan a kan rai ɗaya, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.

A ƙarshen wata ma'aikacin asibiti zai ƙirga, ya cike fom ɗin taƙaitawa, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a manhajar DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke amfani da ita. Abin da ke isa Sakkwato da Abuja jimilla ce: yara kaza sun karɓi allura, yara kaza sun kwanta. Yarinyarmu ta narke a cikin lissafi. Ba wanda zai iya cewa ko ita da aka yi wa allurar farko ita ce aka yi wa ta uku, ko wadda aka sallama daga cibiyar tamowa ta kai shekara biyar a raye.

Haɗa bayanan hukuma shi ne a gano cewa layin nan na rijistar awo, da wancan na rijistar rigakafi, da na makaranta, duk na mutum ɗaya ne, a jera su, a cire suna, sannan a yi haka ga dubban yara. Daga nan mai bincike zai iya bin rayuwa daga haihuwa zuwa girma ba tare da ya taka ƙofar gidan kowa ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 1946 wani likita a Amurka, Halbert Dunn, ya yi rubutu a kai, a 1969 kuma Fellegi da Sunter suka fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi. 'Yan sashen ƙididdiga, wannan gonarku ce.

Abin da rashinsa ke jawo mana

Kusan duk abin da muka sani game da lafiyar jiharmu daga binciken gida-gida ya fito, wanda ake yi bayan 'yan shekaru. Binciken MICS na 2016/2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Sakkwato suka sami allura ta uku ta rigakafin Penta. Binciken NDHS na 2018 ya ce kashi 5 ne suka kammala rigakafin farko, alhali a Anambra kashi 76 ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2022 ta ce kusan kashi 91 na mutanen jihar na fama da talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk ƙasar. Alƙaluma ne masu ɗaga hankali, amma na jiha ne dunƙule. Ba za su gaya maka bambancin Achida da Gandi ba, balle su nuna maka mazaɓar da yara suka fi mutuwa a bara. Ga shi rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Yawan yaran da ake tsara aiki a kansu kintace ne aka ɗora a kan lissafin da ya girmi wasu 'yan ND 1.

Ku duba tambayoyin da suka wuce mu. A Satumban 2010 ambaliya daga madatsar ruwa ta Goronyo ta raba dubban mutane da gidajensu a bakin gulbin Rima, har ta katse hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Jariran wannan shekara yanzu sun zama samari da 'yan mata. Nawa suka rayu? Nawa suka shiga makaranta idan aka gwada da na garuruwan tudu? Amsar tana kwance a litattafai daban-daban, in gara ba ta cinye su ba.

A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe gomman mutane, jama'a suka kwarara Gandi. A Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Duk uwar da ta gudu da goyo ta bar rijistarta a baya. A asibitin garinsu ɗanta ya zama wanda ya daina zuwa, a asibitin da ta sauka ya zama sabon yaro. An ƙirga shi sau biyu, ko kuma ba a ƙirga shi ko sau ɗaya ba. Kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗarin ƙyanda da tamowa, su kuwa biyun nan su ke share wa cutar noma hanya, wadda ke cin fuskar yara, har aka yi mata asibiti guda a Sakkwato tun 1999.

Ga misalin maƙwabtanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Ba wani ofishi ne ya hango ta a takarda ba, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka je ƙauyukan suka tarar yara na ta mutuwa. A Afrilun 2024 kuma hukumar NCDC ta ba da sanarwar wata cuta mai kumbura ciki a ƙaramar hukumar Isa, nan gabashinmu, mutum 164, galibinsu yara. Inda ake rubuta mutuwa, ake kuma haɗa ta da gari da shekaru, irin wannan ba ya daɗewa bai fito fili ba. Mu kuwa ana rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, kamar yadda ya dace, amma ba a rubuta komai.

Ko a Goronyo kanta, a 2012 MSF ta yi bincike a kan yara sama da 2,000 don ganin ko ba su abinci mai gina jiki na ɗan lokaci bayan rashin lafiya zai hana su tamowa. Sai da suka kafa nasu tsarin na bin kowane yaro wata shida. Aiki ne mai kyau, amma mai tsada, kuma da aka gama tsarin ya tafi da masu shi.

Inda aka gwada

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen Turawa. Brazil ma tana da talauci da ƙauyuka masu nisa. A birnin Salvador akwai cibiyar CIDACS, wadda ta haɗa rijistar masu neman tallafi da ta haihuwa da ta mutuwa da ta tarin fuka da kuturta, mutum sama da miliyan 100. Da suka bi yara sama da miliyan shida, suka ga cewa a gidajen da ke karɓar tallafin Bolsa Família mutuwar 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ta yi ƙasa da kusan kashi 17. Mu ma ana rabon tallafi a nan. Wa zai iya nuna mana ko ya ceci yaro ɗaya a Wurno? Sai dai hoton ranar rabo.

A Denmark kowa na da lamba tun 1968. Da jita-jita ta yaɗu cewa allurar ƙyanda na jawo larurar otizim, mai taɓa magana da mu'amalar yaro, sai masana suka bi bayanan yara 657,461, suka fitar da sakamako a 2019 cewa babu alaƙa. Ku tuna tamu jita-jitar ta 2003, cewa ɗigon foliyo na hana haihuwa. 'Yan matan da aka ɗiga wa a lokacin yanzu su ne iyaye. Da akwai rijistar da ta haɗa katin rigakafinsu da na awon cikinsu, da mun amsa wa kawunnanmu na ƙauye da hujjar garinsu, maimakon hujjar baƙo.

Nan kusa ma, a Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu a Zamfara, an ƙirga kimanin mutum 125,000 a 2010, aka riƙa komawa ana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Hausawa ne kamar mu, kuma sun ba da haɗin kai.

Tarnaƙin da ke gabanmu

Ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Matsalar farko suna. Mutum ɗaya ne Abubakar a asibiti, Garba a makaranta, Buba a gida. Usman shi ne Shehu, shi ne Mani. A'ishatu ta zama A'i, ta zama Indo. Muhammadu kaɗai ana rubuta shi ta hanya biyar ko shida. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai, don haka a rijistar haihuwa da sunan uwarsa yake. Uwa kuma ba ta faɗin sunan ɗan fari saboda alkunya, sai ta ba ma'aikaci laƙabi. Ranar haihuwa fa? Ku leƙa jerin sunayen ajinku ku ga mutum nawa aka haifa 1 ga Janairu. Sunan mahaifi kuwa, rabinmu sunan gari muka saka. Aliyu Goronyo nawa kuka sani?

Lissafin Fellegi da Sunter na iya rage wannan. Ana auna suna da sunan uwa da ƙauye da shekara, a ba kowanne maki, in makin ya kai a ce mutum ɗaya ne. Amma manhajar da aka rubuta a Ingila ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Sai ɗan gida ya koya mata.

Maganin dindindin shi ne lamba ɗaya tun daga haihuwa. Dokar tilasta rijistar haihuwa da mutuwa tana nan tun 1992, an kuma ƙaddamar da rijistar ta intanet a Nuwamban 2023. Duk da haka binciken MICS na 2021 ya nuna ƙasa da yaro ɗaya cikin huɗu ne ke da rijista a Sakkwato, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 57 ne.

Nan matsala ta biyu take, kuma ta fi ta farko. Wanda ba a taɓa rubutawa ba, ba a iya haɗa shi da komai. Mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa. Idan muka tsaya kan litattafan asibiti kawai, za mu ga 'ya'yan masu zuwa asibiti, mu ce lafiya lau, alhali ɗan rugar da ke bayan gulbi bai shigo lissafi ba. Shi ya sa nake ganin ranar suna ce ƙofar. An taɓa gwada sa wanzamai a Sakkwato su riƙa tura jarirai rigakafi, tunda babu sunan da ake yi ba su ba. Liman yana wurin, mai unguwa ya sani, ungozoma ita ta yanke cibi. In har ba a raɗa suna a ɓoye, bai kamata haihuwa ta ɓace wa hukuma ba.

Amana kafin komai

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro. A yankinmu bayani na iya kashe mutum. Jerin da ya nuna wane gida ne ya karɓi tallafi, wa ya sayar da albasa, wa ya gudo daga wane ƙauye ya sauka a gidan wa, in ya faɗa hannun infoma, ai an gama. Ga kuma tonon asiri: matar da ke shan maganin ƙanjamau, ko yarinyar da ta samu yoyon fitsari. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, a kan naira 100. Wanda ya ce ba ya yarda da gwamnati ta tara masa bayanai wuri ɗaya, wallahi yana da hujja. Iyayenmu ma da ke gudun ƙirge ba wauta ba ce, sun tuna zamanin da ƙirga kai ke nufin haraji, ƙirga shanu ke nufin jangali.

Cire suna kaɗai ba ya isa. Latanya Sweeney ta nuna cewa da jinsi da ranar haihuwa da lambar unguwa kawai ana iya gane kusan kashi 87 na Amurkawa. Ina ga ƙauye mai gida arba'in? Ka ce matar da ta haifi tagwaye da damina, kowa ya san ta.

Akwai hanyar da aka gwada. A yankin Wales na Birtaniya, ma'ajiyar SAIL da ke Jami'ar Swansea tun 2007 tana raba fayil gida biyu. Suna da adireshi su tafi wani ofishi, a mayar da su lambar sirri. Bayanin cutar ya tafi wani ofishin daban. Mai ganin suna ba ya ganin cuta, mai ganin cuta ba ya ganin suna. Mai bincike ba ya kwafa a filashi ya tafi gida, a cikin killataccen tsari yake aiki, kuma ana duba sakamakonsa kafin ya fita da shi. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Sharaɗina shi ne: babu haɗa rijista sai da wannan rabon, sai da kwamitin da sarakuna da malamai da mata ke ciki, kuma a rubuta ƙarara cewa bayanan lafiya ba na jami'an tsaro ba ne, ba na 'yan siyasa ba ne. In ba za a cika wannan ba, gara a bar litattafan a warwatse.

Na san wani zai ce, "Malam, asibitin ƙauyenmu ko farasitamol babu, ma'aikaci ya gudu saboda ɓarayi, kai kana zancen kwamfuta?" Gaskiya ne. Rijista ba ta warkar da zazzaɓi. Amma maganin da za a kawo kaɗan ne, kuma wani ne zai yanke inda za a kai shi. In babu hujja, garin mai babban ɗan siyasa zai tafi. Ƙauyen da ba shi da kowa a Sakkwato, alƙalumansa ne kaɗai za su yi masa magana. Game da sabis kuwa, mun ga yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 a Satumban 2021, har da Rabah da Goronyo. Don haka littafin takarda ba zai mutu ba. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta shi da kyau, da lamba, a shigar daga baya.

Namu kason

Wa ke riƙe da biro a ɗakin kati na babban asibiti? Wa ke shigar da bayanai a sakatariyar ƙaramar hukuma? Ba farfesoshi ba ne. Masu ND da HND ne irinmu, da 'yan'uwanmu na kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa. Duk tsarin da za a kafa, a kan rubutun hannunmu zai tsaya.

To amma mu faɗa wa juna gaskiya. Kowa ya san yadda wasu ke cike takardun tambayoyin furojet guda ɗari a ƙarƙashin bishiya, da biro kala uku. Wanda ya saba da haka a makaranta, gobe shi zai zauna ƙarshen wata ya ƙirƙiro yaran da aka yi wa rigakafi don oga ya ji daɗi. Ƙaryar furojet maki take ci. Ƙaryar rijista kuwa, yaro ake binnewa.

Ga abin da nake ba da shawara. 'Yan kimiyyar kwamfuta, maimakon maimaita furojet ɗin da aka yi sau ashirin, wani ya tattara ƙamus na sunayen Hausa da Fulatanci da laƙubbansu da duk yadda ake rubuta su, ya gina manhajar da za ta gane su. 'Yan ƙididdiga, ku nemi izini a rubuce ku auna kashi nawa na layukan rijistar rigakafi ke da cikakken suna da ƙauye da ranar haihuwa, ba tare da kun kwafi sunan kowa ba. Mai zuwa SIWES a asibiti ko sakatariya, kada ka ɗauki hoton rijista da wayarka, balle ka tura a WhatsApp. Amanar mutane ce. Ƙungiyar ɗalibai kuma, da ƙungiyoyin ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo, a hutun nan kowa ya tabbata ƙannensa da 'ya'yan yayyensa na da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da suna iri ɗaya da na katin rigakafi. Sannan shugabanninmu su rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha su nemi a fara gwaji a mazaɓa ɗaya a kowacce daga ƙananan hukumomin nan uku, a haɗa rijistar haihuwa da ta rigakafi da ta tamowa, a kuma koma garin a karanta wa mutane sakamakon da Hausa.

A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, mutumin da ya bar rubuce-rubuce har a kan ilimin magani. A Rabah aka haifi Sardauna. Ƙasar da ta san darajar alƙalami haka, bai dace a ce ana haihuwar 'ya'yanta suna rasuwa babu ko layi ɗaya da ya shaida sun zo duniya ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gabashin Sakkwato, Ya sa mu riƙe amanar abin da za a damƙa mana.